Jami'ar Bayero da fasahar zamani: daga ajin Larabci zuwa koya wa kwamfuta Hausa

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya ba.

Duk ɗan Tofa da ya taɓa shiga motar haya zuwa birni ya san hanyar nan. Ka hau titin Gwarzo, ka wuce Janguza, can sai ga katangar sabuwar Jami'ar Bayero tana ta tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Ina yaro na taɓa tambayar kawuna me ake yi a ciki. Sai ya ce, "Kai dai yi shiru, nan makarantar 'ya'yan manya ce." Na daɗe da wannan magana a raina, har Allah Ya sa na yi digirina. To yau tarihin abin da ke bayan katangar za mu duba, da abin da ya haɗa shi da harkar fasahar zamani.

Da farko dai, BUK ba da kwamfuta ko injiniyanci ta fara ba. A shekarar 1960 aka buɗe wata ƙaramar kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, a cikin birnin Kano, aka sa mata sunan Ahmadu Bello. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai kwalejin ta koma ƙarƙashinta, aka sauya mata suna zuwa na Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A 1964 ta ɗauki ɗalibanta na farko masu neman digiri, su goma kacal, a tsohon otal ɗin filin jirgin sama. Me ake koyarwa? Larabci, addinin Musulunci, tarihi da harsuna. Sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a, Dokta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko.

Ku riƙe wannan, don a ganina nan ne sirrin yake. Wasu abokaina kan yi wa wannan asali dariya, wai ai jami'ar malaman Larabci da Hausa ce, ina ruwanta da fasaha. Amma in ka bi sawu, ta ƙofar harshen nan ne sunanta ya shiga duniyar kwamfuta.

Misali na farko, haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Lokacin da kwamfuta ta iso ofisoshinmu babu su a cikinta. Sai a buga takarda, sannan a bi da biro ana sa musu ƙugiya, ko kuma a bar "ƙasa" ta koma "kasa", mai karatu ya yi ta lalube. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na BUK ya tsara salon haruffan kwamfuta masu ɗauke da su, har ya sa wa ɗaya suna Rabi'at. A 2006 kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta jami'ar ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayanin kalmar Hausa da Hausa.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. Google Translate ya sa Hausa a jerin harsunansa tun Disambar 2013, kuma duk wanda ya gwada shi a lokacin ya sha dariya. Dalili shi ne na'ura daga misalai take koyo. In ba ta ga dubban jimlolin Hausa da mutum ya tantance ba, ba za ta bambance yabo da habaici ba. A 2022 wata tawagar masu bincike da Shamsuddeen Hassan Muhammad, malami a tsangayar kwamfuta ta BUK, ya jagoranta ta fitar da NaijaSenti. Saƙonnin Twitter ne kusan 30,000 a kowane ɗaya daga harsuna huɗu, Hausa da Igbo da Yarbanci da Pidgin, mutane suka zauna suka ware wanne yabo ne, wanne suka ne, wanne tsaka-tsaki. Kuɗin aikin ya fito daga asusun Lacuna, wanda Google.org na cikin waɗanda suka kafa shi. A 2023 aikin ya faɗaɗa ya zama AfriSenti, da harsunan Afirka 14, masu bincike a ƙasashe daban-daban suna gwada manhajojinsu a kai. Ka ga ke nan makarantar da ta fara da nahawu ta zo tana koya wa ƙirƙirarriyar basira harshenmu.

Ƙarfinta na biyu kuwa mu manoma ya shafa kai tsaye. Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan ya zama farfesan labarin ƙasa a BUK, ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda jama'a ke da yawa, gona ba ta hutawa, amma ƙasar ba ta mutu ba. Amsar tana wurin kakanninmu: takin dabbobi, shara da toka da ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna, haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, da barin itatuwa irin su gawo da ɗorawa a tsaye. A kan irin wannan tushe aka kafa Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, CDA, a 2012, kuma bayan shekara biyu Bankin Duniya ya zaɓe ta cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. Cibiyar ta yi aiki da IITA wajen gwada wata manhaja da ke ba manomin masara shawarar yawan takin da ya dace da gonarsa.

To a ina gizo ke saƙar? Mu leƙa Amurka. Jami'ar Illinois ta gwamnati ce kamar BUK. A 1993 aka ƙera Mosaic a can, manhajar da ta sauƙaƙa wa mutane shiga intanet. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ta, Marc Andreessen, ɗalibi ne. Shekara ɗaya bayan nan ya haɗu da mai jari suka kafa kamfanin da ya zama Netscape. Wato akwai hanya daga ɗakin bincike zuwa kasuwa, kuma akwai mai kuɗin da ke jira a bakin hanyar.

Mu a nan, lokacin da jami'ar ke girma, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa durƙushewa suke yi, saboda matsalar wuta da tsadar kayan aiki da kwararowar kayan waje. Waɗanda ya kamata su ɗauki injiniyan da aka yaye, su biya kuɗin bincike, da yawansu sun rufe ƙofa. Shi ya sa igiyar da ta ɗaure binciken Kano da harkar fasaha ta fi miƙewa zuwa ƙasashen waje. Ba laifi ba ne, amma wanda ya biya kuɗi shi ke zaɓar tambayar da za a bincika.

Ga kuma namu laifin. Wani abokina ya rubuta 'yar manhajar lissafin bashi da Hausa, ya kai wa wani ɗan kasuwa. Alhajin ya duba ya ce, "Yaro, Allah Ya yi albarka, amma littafina bai taɓa cin caji ba." Daga nan abokina ya ajiye ta, bai koma ya tambayi me zai sa Alhaji ya yarda ba. Attajiranmu sun fi gane fili da shago, mu kuma matasa mun fi gane satifiket. Je ka kasuwar waya ta Farm Centre ka ga yara masu kwance waya su ɗaura, ga kuma masu digirin kwamfuta a can titin Gwarzo, gari ɗaya amma kamar ba su san juna ba.

Ga mu mutanen Tofa lamarin ya fi zafi. Birni yana matsowa, gonaki suna komawa fulotai, abin da ya rage wa kowane gida yana ƙanƙancewa da kowane rabon gado. In ƙaramar gona za ta ci gaba da ciyar da gida, sai an haɗa sanin iyayenmu da gwajin ƙasa da ingantaccen iri, kuma masu wannan ilimi maƙwabtanmu ne.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ƙungiyoyin matasanmu su rubuta takarda, su nemi a kai manomanmu ziyara CDA kafin damina. Mai ƙane ko ƙanwa a ajin ƙarshe na sakandare ya zauna da su ya nuna musu darussan da ake nema don karatun kwamfuta ko noma. Masu digirin kuma, mu riƙa rubuta Hausa daidai da lanƙwasarta a intanet, don daga rubutunmu na'urar ke koyo. Kawuna yana nan da ransa, kuma na yi masa alƙawarin ni zan raka shi ya ga gonar gwajin da idonsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.