Mai Gudummawa Ya Zama Mai Gida: Zazzau da Kyuba a 1902

Ina roƙon edita ya ba ni ɗan fili in biya wani bashi da na ɗauko a wajen taronmu na bara. Waɗanda suka halarta za su tuna cewa bayan an ci an sha, wani abokinmu Bakano, wanda tun muna aji uku ba ya barin Bazazzagi ya sha ruwa da daɗi, ya miƙe ya ce ai Zagezagi ne suka buɗe wa Turawa ƙofa, su suka kira su, su suka ba su masauki, daga nan aka tafi aka ci Kano. Aka yi dariya, ni ma na yi, domin wasan Kanawa da Zagezagi ba yau aka fara shi ba. To amma maganar ta bi ni har gida. Ni haifaffen cikin ganuwa ne, kullum ta Ƙofar Doka nake fita zuwa ofis, kuma jikokin mutanen da ake magana a kansu da su muke sallar Juma'a.

Da na zauna ina bin labarin, sai na tuna da wani yaƙi da malaminmu na tarihi ya taɓa ba mu labarinsa, mu kuwa muna ta hamma muna jiran ƙararrawa, wato yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898. A lokacin ban ga abin da ya haɗa ni da shi ba. Yanzu na gani, kuma da shi zan fara.

Kyuba tsibiri ne mai arzikin rake da taba, mil 90 kacal daga gaɓar Amurka, wanda Sifaniya ta riƙe kimanin shekara 400. Da yawa daga mutanensa jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, kuma ba a soke bauta a can ba sai 1886. A watan Fabrairu na 1895 mutanen tsibirin suka ɗauki makami don neman 'yanci. Jagoransu, marubuci Jose Marti, an kashe shi a fagen fama cikin watan Mayu na shekarar, amma su Maximo Gomez da Antonio Maceo da Calixto Garcia suka ci gaba. Da abin ya fi ƙarfin Sifaniya, sai ta turo Janar Weyler, wanda ya kwashe mutanen karkara ya tsare su a sansanoni don kada su ciyar da mayaƙa. Yunwa da cuta suka kashe dubun dubatar mutane a ciki. Jaridun Amurka suka yi ta yayata wannan, wani gaskiya wani ƙari, su kuma attajiran Amurka suna da dukiya ta kimanin dala miliyan 50 a gonakin raken tsibirin.

Ran 15 ga Fabrairu, 1898, jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Maine ya fashe a tashar Habana, mutum sama da 260 suka mutu. Nan take aka ɗora wa Sifaniya laifi, ko da yake wani bincike da wani babban hafsan sojan ruwan Amurka ya jagoranta a 1976 ya karkata ga cewa daga cikin jirgin wutar ta tashi. A watan Afrilu aka shelanta yaƙi, majalisar dokokin Amurka kuma ta rubuta alkawari cewa ba ta da niyyar mallakar Kyuba, da zarar ƙura ta lafa za ta bar wa masu ƙasa ƙasarsu. A riƙe wannan alkawari, za mu dawo kansa.

Yaƙin bai daɗe ba, kuma a ruwa aka yanke shi. Ran 1 ga Mayu jiragen Dewey suka hallaka rundunar ruwan Sifaniya a Manila ta ƙasar Filifin cikin rana guda. Ran 1 ga Yuli sojan ƙasa suka hau tudun San Juan da ke bayan birnin Santiyago, cikinsu har da rundunonin baƙaƙen fatar Amurka waɗanda ba a cika ambatonsu ba. Ran 3 ga Yuli jirage 6 na Admiral Cervera suka fito daga tashar Santiyago suna neman tsira, aka lalata su duka, Ba'amurke ɗaya tak ya mutu. Ran 12 ga Agusta aka tsagaita wuta. Sojan Amurka da harsashi ya kashe ba su kai 400 ba, waɗanda taifot da shawara da sauran cututtuka suka kashe kuwa sun haura 2,000.

Ga inda zancen yake. Da Santiyago ta miƙa wuya ran 17 ga Yuli, janar ɗin Amurka ya hana Garcia da mayaƙansa shiga birnin, mutanen da suka shekara uku a daji suna yaƙin, waɗanda kuma suka tsare wa Amurkawa gaɓa har suka sauka. Da aka zauna sulhu a Faris ran 10 ga Disamba, babu ɗan Kyuba ko ɗaya a teburin. Amurka ta karɓi Puerto Rico da Guam, ta biya dala miliyan 20 ta ɗauki Filifin, inda Aguinaldo da ya taimaka mata ya koma yaƙi da ita a 1899. Kyuba ta zauna hannun sojan Amurka har 20 ga Mayu, 1902. Ranar aka ba ta tuta, amma sai da ta sa a tsarin mulkinta cewa Amurka na da ikon shigowa in ta ga dama, kuma ta ba da hayar wurin ajiye jiragen yaƙi. An soke sharaɗin shigowar a 1934. Wurin jiragen kuwa, Guwantanamo, har gobe yana hannun Amurka.

To, a wannan shekara ta 1902 me ake ciki a Zazzau?

Sarki a lokacin shi ne Muhammadu Kwasau, ɗan Sarki Yero, daga gidan Barebari. Ya hau a 1897, kuma hawan nasa bai yi wa Sakkwato daɗi ba, domin Waziri Buhari ya zo da niyyar naɗa wani, sai ya tarar Kwasau na da 'yan bindigar da ya gada daga mahaifinsa, dole ya naɗa shi. Ke nan tun ranar farko tsakaninsa da Sakkwato akwai 'yar tsama. Ran 1 ga Janairu, 1900, Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya ce duk Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyarsu, alhali ikonsa bai wuce bakin Kwara da Binuwai ba. Su ma ƙarfinsu na farko a ruwa yake, domin jiragen kogi ne ke kawo masu soja da igwa da harsashi. A 1900 ɗin ne kuma ayarin 'yan mishan, cikinsu har da Likita Mila, suka ratsa Zariya zuwa Kano. Kwasau ya karɓe su da mutunci, Sarkin Kano Alu ya kore su, suka dawo suka zauna a Girku cikin ƙasar Zazzau.

A farkon 1901 Turawa suka ci Kwantagora. Sarkin Sudan Ibrahim, ɗan Umaru Nagwamatse, ya tsere da jama'arsa, ya faɗo ƙasar Zazzau yana kai hari yana kama mutane, har ya yi sansani a arewacin ƙasar, wajajen Kaya da Maska. Yanzu a dubi halin da Kwasau ya shiga. Mai yi masa ɓarna jikan Sarkin Musulmi Atiku ne. Wanda zai kai wa ƙara, Sarkin Musulmi Abdurrahman, ɗan Atikun ne, wato baffan mai ɓarnar. Sakkwato ba ta iya fitar da Ibrahim daga ƙasar ba, garuruwa na ta watsewa, talakawa na kuka. Sai Kwasau ya aika wa Turawa su zo su raba shi da wannan annoba.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. A farkon 1902 soja suka zo, suka kama Ibrahim kusan ba tare da faɗa ba, aka tafi da shi. Amma da aiki ya ƙare ba su koma ba. Suka kafa bariki a Zariya, aka ajiye Kyaftin Abadie a matsayin Razdan. Ba a fasa ganuwa ba, ba a harba igwa a Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Gayan ba, amma daga ranar Sarkin Zazzau ya sami mai duba masa aiki a ƙofar gida. Ba a jima ba Turawa suka fara zarginsa da ci gaba da kamun bayi da kuma haɗa baki da Kano a ɓoye. A watan Oktoba Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Zazzau a can, ya kashe Kyaftin Maloni ya gudu Kano, inda aka karɓe shi da girma. Kafin shekarar ta ƙare Kwasau na tsare a hannun mutanen da ya gayyato, Galadima Sulaimanu na riƙon gari. A 1903 Lugga ya naɗa Aliyu Ɗan Sidi na gidan Mallawa, bisa sharuɗɗa irin waɗanda aka ɗora wa garuruwan da aka ci da yaƙi.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne makomar mutum biyun. Ibrahim, wanda aka zo kamawa, an mayar da shi sarautar Kwantagora a 1903, ya zauna a kai har ya rasu a 1929. Kwasau, wanda ya yi kiran, aka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1907.

Yanzu in dawo ga abokina Bakano. Rabin maganarka gaskiya ce, ba zan musa ba. Daga Zariya Kanar Morland ya tashi ran 29 ga Janairu, 1903, da soja sama da 700, igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Suka fasa Bebeji, ran 3 ga Fabrairu suka shiga Kano, ran 15 ga Maris suka ci Sakkwato, ran 27 ga Yuli aka yi Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, shi ma Magajin Keffi can ya kwanta. Samun sansani a Zariya ya sauƙaƙa masu tafiyar ƙwarai. Sai dai ka tuna cewa Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne, masu riƙe da bindigogin yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa, kuma ba a rubuta a goshin kowa daga garin da ya fito ba. Ka kuma tuna cewa ranar da aka zo, Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato, Sarkin Shanu aka bari ya mutu yana kare fada.

Inda ban yarda da kai ba shi ne kiran abin cin amana. A ganina kuskuren lissafi ne, irin wanda Garcia da Aguinaldo suka yi, su da suka fi Kwasau sanin halin Turawa nesa ba kusa ba. Garcia ma yana da alkawari a rubuce daga majalisar dokoki, bai hana a tsayar da shi a bakin Santiyago ba. Kwasau a duniyar da ya sani, sarki kan nemi gudummawar wani, a yi yaƙi, a raba ganima, kowa ya koma gidansa. Da wannan ma'auni ya auna Lugga, mutumin da tun 1900 ya riga ya sa Zazzau cikin taswirarsa, wanda kuma Ingila da Faransa suka riga suka shata masa iyaka a yarjejeniyar Yuni 1898, daidai lokacin da ake shirin yaƙin Santiyago. Bida da Kwantagora da Yola ba su gayyaci kowa ba, duk an ci su a 1901. Da Kwasau bai kira ba, da sun zo, sai dai wataƙila ta kan gawarwaki.

Ba kuma ina wanke shi ba ne. Mutanen Kyuba talakawa ne suka tashi neman 'yancin kansu, Kwasau kuwa sarki ne mai kare gadonsa, kuma mutanen kudancin Zazzau da hare-haren bayi suka ɗaiɗaita, na Kwantagora da na Zariya duka, suna da nasu labarin na 1902 wanda bai yi kama da namu na cikin ganuwa ba. Muna da abokan aji daga can, zan so ɗaya daga cikinsu ya rubuto mana shi a fitowa ta gaba.

Shi ma Aliyu Ɗan Sidi, wanda Lugga ya zaɓa da hannunsa, Turawan sun tuɓe shi a 1920 suka kai shi Lakwaja, kuma gidan Mallawa bai sake hawa ba sai 2020 da aka naɗa Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli. Alu na Kano, wanda ya ƙi Turawa tun farko, shi ma a Lakwaja ya ƙare kwanansa a 1926. Kaburburansu su uku suna can a gari ɗaya. Ina ba shugabannin ƙungiya shawara, in an tashi shirya ziyarar bana, a ɗauki mota a kai mu Lakwaja mu yi masu addu'a, kuɗin mai kuwa abokina Bakano ya biya.