Gas ɗin AC na mota: yadda ya canza sau biyu

1/ Jama'a, gas ɗin da ake ɗura muku in AC ya daina sanyi yana da tarihi. Ku biyo ni.

2/ Da farko R-12 ake sawa, wato Freon. Sai masana suka gano yana cinye ozon, lemar da ke tare mana hasken rana mai ƙona fata. A 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montreal, zuwa 1995 sabbin motocin Amurka sun koma R-134a. Mu ƙasashe masu tasowa aka ɗaga mana ƙafa har 2010.

3/ Ashe shi ma R-134a da nasa aibin: wajen ɗumama duniya ya ninka hayaƙin kabon sau 1,430. Tarayyar Turai ta yi doka a 2006, duk gas ɗin da ya haura 150 ba zai shiga sabuwar mota ba daga Janairun 2017.

4/ Nan ne rigimar da ta fi burge ni. Aka kawo R-1234yf, a 2012 kamfanin Daimler ya ce atafau, gwajinsa ya nuna yana iya kamawa da wuta. Faransa ta hana rajistar wasu Marsandi a 2013, sai da kotu ta soke hanin. Daga baya dai Daimler ya bi.

5/ Mu kuma? Yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta ba irinsu Najeriya har 2045 su rage dangin R-134a da kashi 80. Amma motocin Kwatano da suka fito Turai bayan 2017 da sabon gas suke zuwa, ga shi da tsada. Kafin a ɗura maka, ɗaga bonet ka karanta sitikar. Ba a haɗa su.