Daga Layin Dogo Zuwa Intanet: Darasin Sabon Gari da Samaru

Duk wanda ya san tarihin Sabon Garin Zariya ya san cewa hanya ce ta haife shi. Da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna kusa da tasha, kamfanonin Turawa kuma suka buɗe kantuna suna sayen auduga da gyaɗa. Tafiyar da fatake ke yi da jakuna cikin watanni ta koma ta kwanaki. Waɗanda suka karanci zamanin, irin su Alhassan Ɗantata a Kano, suka zama manyan dillalai. Waɗanda suka nace wa ayari kuwa, ciniki ya wuce su.

Haka abin yake a Samaru. Gonar gwajin da aka kafa a 1922, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, su suka mayar da ƙauye gari. Shekaru da dama masu tafireta ke buga wa ɗalibai takardun kammala karatu, har kwamfuta ta zo ta karɓe aikin. A 2001 wayar salula ta shigo, matasa suka kafa lema da teburi ana biyansu kuɗin kira, shagunan intanet kuma suka cika maƙil. Da wayar ta yi araha ta shiga aljihun kowa, sana'o'in biyu suka durƙushe. Waɗanda suka tsira su ne suka koma gyaran waya, da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, da hada-hadar kuɗi ta POS. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya ƙara tabbatar da darasin: mai shagon da ba ya karɓar tiransifa ya wuni yana kallon masu saye suna wucewa.

Ya ku 'yan uwa mazauna Kaduna, Abuja da Legas, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ɗinkin telanmu da hatsin manominmu za su iya samun mai saye ta WhatsApp, muddin akwai hoto mai kyau, farashi bayyananne da isar da kaya a kan lokaci. Mu koya wa ƙannenmu na Unguwar Gabas wannan, mu kuma fara saye a hannunsu. Sai dai mu tuna, jarin da ya riƙe bafatake shi ne zai riƙe mai sayarwa ta waya: amana da cika alkawari.