Tarihin 'Yan Kwana-Kwana: Mutumin Da Ya Mayar Da Kashe Gobara Sana'a

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya da na kishiyoyi, mu leƙa tarihin wasu mutane da ba mu cika tunawa da su ba sai ranar da hayaƙi ya turnuƙe, wato 'yan kwana-kwana. Kowa ya san jar motar nan da jiniyarta, amma ba kowa ne ya taɓa tambayar kansa ba, shin wa ya tsara cewa a ɗauki ƙato majiyi ƙarfi, a ba shi kaki da albashi, aikinsa kawai ya zauna cikin shiri yana jiran ranar da gidan wani zai kama? Rumawan da sun yi nasu tsarin, Faransawa ma sun yi nasu, amma wanda muka gada a Nijeriya tushensa na Birtaniya, kuma duk inda aka je aka dawo sai an ambaci sunan wani mutum guda, James Braidwood.

Kafin mu zo kansa, bari mu ga yadda abin yake a can baya. A daren 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai burodi a lungun Pudding cikin birnin Landan. Gidajen lokacin na katako ne, a cunkushe, lunguna kuma matsattsu, ga iska tana kaɗawa. Kayan aikin mutanen gari su ne bokitan fata, da gatura, da wasu dogayen ƙugiyoyi na janyo gini ƙasa don a datse wa wuta hanya. Magajin garin ya yi ta jan ƙafa wajen ba da umarnin rushe gidajen da ke gaban wutar, kafin a ankara abu ya fi ƙarfin kowa. Kwana 4 tana ci, ta lashe gidaje wajen 13,200 da majami'u 87, sai da aka koma fasa gidaje da albarushi kuma iska ta lafa sannan aka samu kanta.

To, ka san ɗan kasuwa, inda wani ke kuka nan yake hango riba. A wajen 1680 wani mai suna Nicholas Barbon da abokansa suka buɗe kamfanin inshorar gobara, wasu kamfanonin suka biyo baya. Tunda su ne za su biya diyya in gida ya ƙone, sai kowane kamfani ya kafa tasa rundunar masu kashe wuta, da kaki mai launin kamfanin. Yawancin waɗanda ake ɗauka masu fito ne na kogin Tems, ƙarti waɗanda suka saba da wahala, in an yi gobara su aje kwale-kwale su sheƙo, a biya su ladan ranar. Duk gidan da ya biya inshora sai a manna masa wani tambari na ƙarfe a bango.

An daɗe ana ba da labarin cewa in suka zo suka tarar ba tambarin kamfaninsu ba ne, sai su harɗe hannu su bar gida ya cinye. Masu binciken tarihi na baya-bayan nan sun nuna cewa galibi ba haka aka yi ba, domin akwai tukuici ga injin da ya fara isowa, kuma kamfanonin sun san maganar nan ta Hausawa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Gidan da ba shi da tambari, maƙwabcinsa yana da shi. Amma duk da haka akwai babban giɓi: dukiya aka ɗauke su su tsare, ceton rai ba ya cikin lissafin kamfani, ga gasa da rigingimu tsakanin rundunonin, ga rashin shugaba guda.

Daga Landan sai mu yi arewa zuwa Edinbura, babban birnin Sikotlan, inda aka haifi James Braidwood a 1800. Mahaifinsa mai sana'ar katako da gini ne, shi kuma ya koyi aikin safiyo, saboda haka ya san yadda ake ɗora gini, ya san inda nauyinsa yake, ya san ta inda zai rufto. A 1824 hukumar birnin ta gaji da yawan gobara, ta kafa rundunarta ta kanta, wadda ita ce ta farko irinta a Birtaniya, aka damƙa ta a hannun wannan saurayi ɗan shekara 24.

Ko zama bai gama yi a kujerar ba jarrabawa ta iso. Ranar 15 ga Nuwamba 1824 gobara ta tashi a tsakiyar tsohon gari, ta yi kwana 5, mutum 13 suka rasu, gidaje wajen 400 suka salwanta. Jama'a suka yi ca a kan sabuwar runduna, ana cewa ina amfaninta. Da aka zauna bincike sai aka wanke Braidwood, aka gano cewa masu ba da umarni ne suka yi yawa, kowane babban gari ya zo wurin da tasa dabarar, wannan ya ce a ja injin nan, wancan ya ce a mai da shi can. Daga nan aka yanke cewa a wurin gobara, maganar shugaban 'yan kwana-kwana ita ce magana. Wannan ƙa'ida har yau da ita ake aiki.

A nan ne mutumin ya nuna ko shi wane ne. Da farko ya zaɓi irin mutanen da zai ɗauka: magina, kafintoci, masu rufin ɗaki da masu gyaran famfo. Dalilinsa a fili yake, magini ya san bangon da ke shirin faɗuwa, kafinta ya san inda zai sara ya buɗe hanya, mai rufi ba ya jin jiri a saman bene, mai famfo ya san hanyar ruwa. Na biyu, ya sa atisaye ya zama dole. Tun ƙarfe 4 na asuba yake tara su, cikin duhu da sanyi, ana hawa tsani, ana motsa jiki, ana haɗa mesa ana kwancewa, har hannu ya saba ba sai da fitila ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku kuwa shi ne abin da ya canza aikin baki ɗaya. A da, tsayawa ake yi a titi ana watsa ruwa ta tagogi, ruwa ya ƙare, kaya su jiƙe, wuta tana can ciki tana abinta. Braidwood ya ce a'a, a shiga ciki da mesa a nemi gindin wutar a zuba mata ruwa a nan. Ya koya musu su sunkuya ko su yi rarrafe, domin hayaƙi da zafi sama suke yi, iskar shaƙa tana ƙasa. Ya kuma kafa doka cewa kada mutum ya shiga gini mai ci shi kaɗai. Ka ga ke nan daga ranar ɗan kwana-kwana ya zama mutumin da ke shiga inda kowa ke gudun fitowa, kuma ransa yana hannun abokin aikinsa. Irin zumuncin nan da ake gani tsakanin 'yan tasha ɗaya, su ci tare su kwana tare kamar 'yan ɗaki ɗaya, ga inda ya samo ƙarfi. A 1830 ya tattara dabarunsa ya buga littafi, sunansa ya bazu.

Kamfanonin inshora na Landan da suka ji labari sai suka nemo shi. Ranar 1 ga Janairu 1833 kamfanoni 10 suka haɗe rundunoninsu wuri guda suka ba shi shugabanci, da ma'aikata 80 na dindindin, a birnin da mutanensa sun haura miliyan ɗaya da rabi. A nan ya fi son ɗaukar ma'aikatan jiragen ruwa, don sun saba da bin umarni, da hawa sama, da ɗaurin igiya, da tashi tsakar dare. Injinan lokacin na hannu ne, dawaki ke jan su, in an isa sai a nemi 'yan kallo su kama hannun famfo suna dannawa sama da ƙasa, a biya mutum sule guda a awar farko, sisi a kowace awa ta baya.

Ranar 16 ga Oktoba 1834 ginin majalisar dokokin ƙasar ya kama da wuta. Ginin gwamnati ne, ba shi da inshora, wato a ƙa'ida ba ruwan mutanen Braidwood da shi. Duk da haka suka je. Da ya ga zaurukan majalisa biyu sun riga sun tafi, sai ya tattara ƙarfinsa a kan tsohon babban zauren Westminista, aka shigar da injina har ciki, aka cece shi, yana nan tsaye har yau. Bayan wannan kamfanonin suka rubuta wa gwamnati cewa tsare birni irin wannan ya kamata ya zama aikin hukuma. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu.

Haka aka ci gaba har ranar Asabar 22 ga Yuni 1861. Da yammacin ranar wuta ta tashi a manyan sito-sito da ke titin Tooley a bakin kogin Tems, waɗanda ke maƙare da rama, auduga, mai, kitse, sukari da ganyen shayi. An bar ƙofofin ƙarfen da ke raba sito da sito a buɗe, ruwa kuma ya yi jinkirin samuwa. Kitse ya narke ya malala cikin kogi yana ci, har ruwan kansa ya koma wuta. Gobara daga kogi ke nan, wadda Hausawa suka ce maganinta sai Allah. Braidwood, yana da shekara 60 a lokacin, yana zagayawa yana duba mutanensa da suka galabaita, sai bangon wani sito ya rufto masa. Sai bayan kwana 2 aka iya tono gawarsa. Wutar ta yi mako 2 kafin ta mutu murus, asarar ta kai wajen fam miliyan 2. Ranar jana'izarsa jerin masu rakiya ya kai mil ɗaya da rabi.

Abin da bai samu ba yana raye, mutuwarsa ta kawo shi. Kamfanonin suka ce sun gaji, majalisa ta yi doka a 1865, kuma ranar 1 ga Janairu 1866 aka kafa rundunar kwana-kwana ta hukuma a Landan, shekara 200 bayan gobarar lungun Pudding. Shekara guda bayan haka aikin ceton mutane da dogayen tsani, wanda wata ƙungiyar taimako ke yi tun 1836, shi ma ya dawo hannun rundunar. Daga nan ba a tambayar gidan wa ke ci, ko ya biya ko bai biya ba.

Wanda ya gaje shi, Kyaftin Eyre Massey Shaw, ya riƙe rundunar shekara 30, har 1891. Shi ya yawaita tasoshi da injina masu aiki da tururi, ya kawo hular kwano ta tagulla irin ta mutanen Faransa, wadda aka daina sawa a shekarun 1930 saboda tana jan lantarki. Rayuwar ma'aikaci a zamaninsa ba ta da sauƙi ko kaɗan: a tasha yake zaune, masu aure da iyalinsu, yana bakin aiki dare da rana, hutu sai jefi-jefi. Matar ɗan kwana-kwana ta san ƙarar ƙararrawa kamar yadda mijinta ya sani. Sai a 1920 aka fara aikin karɓa-karɓa. Yau a Landan rukuni 4 ne ke karɓar juna, ja, fari, shuɗi da kore, kuma sunan da suke kiran rukunin da shi daga bakin ma'aikatan jirgin ruwa aka aro shi. Lambar kiran gaggawa ta 999 ta fara aiki a 1937. Mata sun yi aiki sosai a rundunar lokacin yaƙin duniya na biyu, a 1982 aka ɗauki mace ta farko a matsayin cikakkiyar mai kashe gobara, a 2017 kuma wata mai suna Dany Cotton ta zama mace ta farko da ta shugabanci rundunar.

Wannan tsari ne Turawan mulkin mallaka suka zo da shi ƙasarmu. An fara aikin a Legas a 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda, a 1963 aka yi dokar da ta tsayar da hukumar kashe gobara ta tarayya, jihohi kuma suna da nasu. Mun gaji jar mota da kaki da fareti. Abin tambaya shi ne ko mun gaji sauran. Duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris 2016, ko babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, ya san yadda dukiyar shekaru ke zama toka kafin gari ya waye. Kuma mun san halinmu: a kafa rumfa a kan hanyar da mota za ta bi, a jona waya bisa waya, a tsaya kokawa da wuta da bokiti sai ta gagara sannan a tuna da kiran waya, in kuma mota ta iso a makare ko tankinta ya ƙare, a bi ma'aikatan da zagi, wani lokacin har da jifa.

Mutanen Edinbura ma sun zagi Braidwood a 1824. Bambancin shi ne da ƙura ta lafa sun zauna sun binciki inda matsalar take, suka ba shi iko da kayan aiki. Mutumin da zai yi rarrafe cikin hayaƙi don ya fito da ɗan wani, haƙƙinsa ne ya tarar da hanya a buɗe, da ruwa a kusa, da albashi a kan kari. In shugabannin kasuwanni da masu unguwanni suka fara da waɗannan biyun na farko tun kafin hunturu ya shigo, na ukun sai mu haɗa baki mu tambayi hukuma.

Allah Ya kiyaye mu daga gobara, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.