Sawakin: Inda Tafiyar Ƙafa Ta Ƙare

Wannan makon za mu leƙa Sudan, bakin Bahar Maliya.

Mun saba jin an ce kakan wane ya tafi Makka a ƙasa, har mukan rubuta haka a labaranmu kamar ƙafa ce ta kai shi Ka'aba. Akwai teku a tsakani. Da yawansu a Sawakin suka sami jirgin da ya tsallakar da su zuwa Jidda, bayan sun shafe shekaru a hanya, wasu suna tsayawa tsintar auduga a gonakin Jazira don tara kuɗin jirgi. Wasu kuɗin bai taru ba. Jikokinsu na can har yau.

Tsohon garin ɗan tsibiri ne, an gina gidajensa da duwatsun murjani. Turkawan Daular Usmaniyya sun riƙe shi tun ƙarni na 16, kuma shi ne babbar tashar wannan gaɓa. Abin da ya karya shi ba yaƙi ba ne, mashiga ce. Hanyar shiga tashar siririya ce, ga duwatsu a ƙarƙashin ruwa, manyan jiragen zamani ba sa iya ratsawa. Sai Turawan Ingila suka fara gina Port Sudan a 1905, 'yar tazara arewa da shi, aka buɗe ta a 1909. Fatake suka kwashe. Ginin murjani kuwa sai da yaɓe da gyara kullum. Da masu gida suka tafi, benaye suka dinga zubewa.

Haja ta ƙaura, amma talaka mai niyyar tsallakawa bai daina zuwa ba. A 1991 aka buɗe sabuwar tasha da sunan Usman Digna, kwamandan Mahadi da ya hana Turawa sakat a wannan yanki. Daga nan jiragen fasinja ke tashi zuwa Jidda da masu umara, 'yan ci-rani da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda kuɗin jirgin sama ya fi ƙarfinsu. A 2017 Sudan ta ba Turkiyya izinin gyara tsibirin, aka yi ta surutu, amma yawancinsa kufai ne har yanzu.

Dabbobi ma ta nan ake fitar da su zuwa Saudiyya. A Yunin 2022 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a bakin tashar da tumaki sama da 15,000. Mutanen cikinsa duk sun tsira.