Tarihin Maƙalar Bayanai a Nazarin Ire-iren Halittu

Maƙalar bayanai rubutun ilimi ce da ake bugawa a mujalla bayan masana fannin sun tantance ta, aikinta kuma shi ne ta bayyana wani tarin bayanai: wa ya tara, a ina, yaushe, ta wace hanya, kuma ina aka ajiye shi don mai buƙata ya ɗauka. Ba ta gwada wani hasashe, ba ta yanke hukunci. A fannin nazarin ire-iren halittu, bayanan galibi dogon jeri ne, kowane layi yana cewa an ga ko an kama halitta kaza a wuri kaza ranar kaza.

Tun kafin zuwan kwamfuta masana tsirrai da dabbobi suke tara irin wannan bayani. Duk busasshen ganyen da aka liƙa a takarda, duk ƙwaron da aka soke da allura a gidan adana samfura, yana ɗauke da 'yar takarda mai sunansa da sunan wanda ya tsinto shi da wuri da kwanan wata. Da aka fara shigar da waɗannan cikin kwamfuta sai aka gane cewa kowa da nasa tsarin. A 1985 aka kafa ƙungiyar TDWG don daidaita su. A 1999 wani kwamitin kimiyya na ƙungiyar OECD ya ba da shawarar a kafa rumbu guda na duniya, aka kuma kafa GBIF a 2001, mai sakatariya a Kopanhagen ta ƙasar Denmark. A 2009 TDWG ta amince da Darwin Core a matsayin ma'auni, wato jerin gurabu masu suna iri ɗaya da kowa zai cike: nan sunan kimiyya, nan rana, nan lambobin taswira.

Kayan aiki sun samu ke nan, amma masu bayanai da yawa suka noƙe, kuma suna da hujja. A jami'a ana auna malami ne da yawan maƙalun da ya buga da yawan waɗanda suka ambace su. Da su ake neman ƙarin girma da kuɗin bincike. Mutumin da ya shafe shekaru yana ratsa daji yana ɗana tarko, ko yana zaune yana karanta tsofaffin rubuce-rubucen hannu, idan ya zuba bayanansa a intanet wani zai kwasa ya yi lissafi ya buga, sunan mai wahalar kuma bai wuce layin godiya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maƙalar bayanai dabara ce ta warware wannan matsalar: tunda maƙala kaɗai ake ƙirgawa, to a mayar da bayanin tarin ya zama maƙala.

Masana muhalli ne suka fara. Tun wajen shekarar 2000 Ƙungiyar Masana Muhalli ta Amurka take karɓar irin wannan rubutu, taƙaitawa ta fito a mujallarta Ecology, bayanan kuma a wancan lokacin ana ajiye su a ma'ajiyarta ta intanet. Ta nan ne PanTHERIA ta fito a 2009, aikin Kate Jones da abokanta, wanda ya tattara nauyin jiki da tsawon lokacin ciki da yawan 'ya'ya da makamantansu na dabbobi masu shayarwa, a jerin da ya ƙunshi nau'i fiye da 5,000. An ambace ta a bincike masu yawan gaske, abin da ya nuna wa masu shakka cewa maƙalar da ba ta gano komai ba tana iya fin masu ganowa farin jini. A daidai wannan lokaci kamfanin Copernicus na Jamus ya buɗe Earth System Science Data don bayanan ƙasa da teku da sararin sama.

Shekarar da abin ya kafu a fannin ire-iren halittu ita ce 2011. A cikinta Vishwas Chavan na GBIF da Lyubomir Penev, mai kamfanin ɗab'i na Pensoft a Sofiya ta Bulgeriya, suka buga wata maƙala a BMC Bioinformatics suna bayyana tsarin. Hikimarsa a sauƙinsa take. Duk mai ɗora bayanai a GBIF ta manhajar IPT dama sai ya cike bayanin tarin nasa: manufar aikin, yankin da ya shafa, rukunin halittun, shekarun, hanyar ɗaukar samfur, matakan tace kuskure. Sai aka ƙara wa manhajar maɓallin da zai juya wannan bayani ya zama daftarin maƙala, marubuci ya gyara ya tura wa mujalla. Ta farko ta wannan hanya ta fito a ZooKeys a wannan shekarar, kan tsuntsayen arewa maso gabashin Indiya. Sujit Narwade da abokansa ba su shiga daji ba; tsofaffin rubuce-rubuce suka bi, musamman mujallar ƙungiyar nazarin halittu ta Bombay, suka tsamo shaidun gani fiye da 2,400 daga 1909 zuwa 2007.

Daga nan mujallu suka yi ta fitowa. GigaScience a 2012, Biodiversity Data Journal ta Pensoft a 2013, sai Scientific Data ta kamfanin Nature da Data in Brief ta Elsevier a 2014. Aka kuma fara ba kowane tarin bayanai lambar DOI irin ta maƙala, ta hannun DataCite da aka kafa a 2009. Daga 2015 GBIF take ba duk abin da mutum ya sauke tasa lambar, ta yadda za a iya bin sawun wanda ya yi amfani da bayanan wa.

Inda har yau ake ja-in-ja shi ne tantancewar kanta. Mai bita zai iya karanta shafi goma na bayani, amma layi dubu ɗari fa? Kurakuran kuwa a cikin layukan suke kwance. Idan aka bar gurbin lambobin taswira babu komai, wata manhaja ta cike da sifili, sai itacen daji ya bayyana a tsakiyar teku, kudu da Gana, inda layukan sifili biyu suka haɗu. Idan aka manta da alamar debewa, tsuntsun Amurka ya koma Asiya. Akwai kuma matsalar tsofaffin samfura. J. M. Dalziel, likitan da ya tara tsirrai a Arewacin Nijeriya a farkon ƙarni na 20, samfuransa suna ajiye a Kew ta Ingila, wasu kuma ba abin da aka rubuta musu na wuri sai Katagum. Garin ake nufi ko yankin baki ɗaya? Mai shigar da bayani dole ya zaɓi ɗigo ɗaya a taswira, ya kuma rubuta faɗin rashin tabbacinsa a mitoci. Wanda ya bar wannan gurbin ya yi wa duk mai amfani da bayanan ƙarya ba da niyya ba.

A 2013 Robert Mesibov, masanin ƙadandoniya a Ostareliya, ya bi bayanan wannan halitta da ke cikin GBIF da rumbun ƙasarsa ya buga irin kurakuran da ya tarar. Daga baya Pensoft ta sanya binciken fayil ɗin kansa ya zama sharaɗi kafin daftari ya kai ga masu bita, Mesibov kuma ya kasance cikin masu yin aikin. Wannan mataki ya fi yawan mujallu muhimmanci, domin tambarin "an tantance" a kan jerin da ba wanda ya buɗe shi ya fi rashin tambarin haɗari.

GBIF ta kai layi biliyan ɗaya a 2018, amma mafi yawa tsuntsaye ne, kuma daga Turai da Arewacin Amurka. Maƙalar bayanai ba ta gyara wannan karkata ba, ganin cewa yawancin mujallun suna karɓar kuɗin bugawa da ya fi ƙarfin malamin jami'ar Afirka. A 2015 GBIF ta fara shirin BID da kuɗin Tarayyar Turai don tallafa wa cibiyoyi a Afirka kudu da Sahara da Karebiyan da tsibiran Pasifik su shigar da abin da ke cikin ma'ajiyoyinsu. A 2022 kuma mujallar GigaByte, tare da GBIF da shirin TDR da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta buga jerin maƙalun bayanai kan ƙwarin da ke yaɗa cututtuka, irin su sauro da kaska, aka ɗauke wa marubutan kuɗin bugawa.