Yadda Ciwo Ya Haɗa Zumunci a Ƙasar Kano

Ku yara 'yan makaranta, yau za mu ba ku labarin yadda Musulmi da Kirista suka haɗa hannu a kan aikin jinƙai a ƙasar Kano, don ku san tushen zaman da ku ke gani a Ƙaraye da Rogo.

Sa'ad da Turawa suka ci Kano a 1903, sun yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa addini ba. Saboda haka aka daɗe ana hana Turawan Mishan zama a ƙasashen Musulmi. Abin da ya buɗe ƙofa kuwa shi ne kuturta. A zamanin nan wanda ciwon ya kama ba shi da magani, sai ya shiga bara, mutane suna ƙyamar cin abinci da shi.

To, wajen 1937, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi shiri tsakanin En'e da Mishan ɗin da a ke kira S.I.M. Aka danƙa wa likitocinsu jiyyar kutare a Yadakunya, kusa da birnin Kano, kamar yadda aka yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Ku duba sunan wurin da kyau, watau a ya da kunya, gama mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani. A 1943 kuma Mishan ɗin ya buɗe asibitin ido a Kano, mutane suka riƙa zuwa daga nesa, ana yi musu aikin yanar ido suna komawa gida da ganinsu.

Zaman bai rasa gardama ba. Masu Mishan suna son yin wa'azi, sarakuna da malamai kuwa suna tsoron a raba yara da addinin iyayensu. Waɗansu majiyyata sun zama Kirista, amma mafi yawa sun koma garuruwansu suna salla kamar da. Duk da haka aikin bai tsaya ba, don Sarki ya ga talakawansa suna samun sauƙi, likita kuma ya ga ba ya iya kome sai da yardar Sarki. Kowa yana neman lada wurin Allah bisa ga abin da addininsa ya koya masa.

Abin nan ba baƙo ba ne a tarihi. Wajen shekara ta 615, da wahala ta tsananta a Makka, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika da sahabbansa Habasha wurin Najashi, sarki Kirista, ya kuwa ba su mafaka, ya ƙi bashe su ga Ƙuraishawa.

To, mu komo Ƙaraye da Rogo. A ƙauyukan nan akwai Maguzawa tun kaka da kakanni. Da zamani ya juya waɗansu suka musulunta, waɗansu suka shiga ekklesiya, har ya zama a dangi guda akan sami liman da fasto. Hausa ɗaya su ke yi, kasuwa ɗaya su ke ci, ranar gayya kuma kowa da fartanyarsa. Da Salla a kai wa maƙwabci nama, da Kirsimeti ya rama da shinkafa.

Mun san an yi tarzoma a Kano a 1991, aka yi asarar rayuka da dukiya. Wannan ya nuna mana zumunci abu ne da a ke kiwo kullum, in an sake shi ya ɓace. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Saboda haka in abokin karatunku ya kwanta ciwo, ku je ku gaishe shi, ku kwafe masa darasin da ya wuce shi, ko wane addini ya ke bi. Allah ya sa mu gane, amin.